Satar Kwamfutar Manoman Citta

Ranar wata Litinin da hantsi, cikin watan Maris na shekarar 1999, Insfekta Badruddeen Lawal yana zaune a caji ofis na Kafanchan yana fifita da murfin fayil, don an ɗauke wuta tun jiya. Sai ga mutum biyu sun shigo suna janye da na uku.

Na gaba tsoho ne mai furfura, Baba Kumai, shugaban ƙungiyar manoman citta ta Kagoma. Na biyun mataimakinsa ne, Silvanus, wanda kowa ke kira Elda saboda dattijo ne a cocinsu. Wanda suka riƙo kuwa wani siririn saurayi ne, Meshak, sakataren ƙungiyar.

"Yallaɓai, an sace mana imel," in ji Baba Kumai.

"An sace muku me?"

"Imel."

Insfekta ya ajiye murfin fayil ɗin. "Baba, abin nan yana da ƙafa ne ko taya?"

Elda Silvanus ya matso ya yi bayani. Kwamfuta ce. Bara Meshak ya lallashi manoma suka yi karo-karo suka sayo ta, aka ajiye a ɗan ofishinsu da ke nan cikin gari, don su riƙa magana kai tsaye da wani Mista Gregory na Legas mai fitar da citta waje, ba sai dillali ya shiga tsakani ba. Yanzu cittar kowa tana jibge a sito ana jiran maganar mutumin. Ran Asabar da yamma kwamfuta tana nan. Yau da safe babu ita.

"An fasa ƙofa?"

"Ko ƙwarzane babu," in ji Elda. "Makulli kuma ɗaya ne, ga shi can a wuyan yaron nan."

"Da dai biyu ne," in ji Baba Kumai a hankali.

"Wancan ai ya faɗa rijiyata tun bara, Baba, ka manta? Kuma Yallaɓai, jiya Lahadi an gan shi a tashar mota da ƙaton kwali. Ni abin yana mini zafi, ɗana ne a cikin Ubangiji, amma gaskiya gaskiya ce."

Meshak ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

DPO, shugaban caji ofis ɗin, da ya ji labari bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka kai Meshak bayan kanta, ya ce wa Insfekta, "Makulli yana wuyansa, kwali yana kansa, me ya rage? Litinin mai zuwa kotu. In kana da wani ɓarawon ka kawo mini kafin nan."

To, ga shi kuwa an riga an fara sanar da auren Meshak a coci. In aka kai shi kotu da sunan ya saci kayan manoma, aure ya tashi, kuma ba zai ƙara ɗaga kai a Kagoma ba.

Insfekta ya je ofishin ƙungiyar. Ɗaki ne guda, da tebur, da benci, da warin citta mai sa atishawa. Ya tsaya ya duba. An ɗauke kwamfutar, da talabijin ɗinta, da allon rubutu, da ɗan akwatin da suke kira modem. An bar sabuwar rediyo a kan taga. An bar janareta ƙarami a bayan ƙofa, wanda mutum ɗaya zai iya rungumarsa.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur. Akwai wata siririyar igiya da ke haɗa modem da layin tarho a bango, ita ma babu. Ba fizge ta aka yi ba. An cire ƙusoshin da suka riƙe ta ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye su a gefe.

"Ɓarawon da zai bar janareta ya tsaya cire igiyar da ba ta kai kuɗin biredi ba," ya ce wa kansa, "wannan ba sayarwa zai yi ba. Amfani zai yi da ita."

Ya yi atishawa har ya gaji, ya koma caji ofis ya sa aka fito da Meshak.

"Ina kake jiya?"

"A gida, Oga. Ba ni da lafiya."

"Marar lafiya ne ke ɗaukar kwali zuwa tasha?"

"Ban je tasha ba."

"Kai, dube ni. Zafi ya ishe ni, wuta babu, ga wari ya cika mini hanci. Kada ka ƙara mini da ƙarya."

Meshak ya sassauta murya ya ce, "Keken ɗinki ne, Oga. Na aika wa wadda zan aura a Kauru. Ni ne shugaban mawaƙa, na ce wa Fasto zazzaɓi nake don in samu motar safe. Elda yana tsaye, yaya zan yi in faɗa?"

"Wato gara a ce kai ɓarawo ne da a ce ka yi fashin coci?"

Insfekta ya tafi tasha da kansa. Direban bas ɗin Kauru ya tuna kwalin sarai, don ƙafar keken ta yaga masa kujera, har yanzu yana masifa. Amma da aka gaya wa DPO, cewa ya yi kwali ɗaya direba ya gani, wa ya san na biyu?

Kashegari Insfekta ya ɗauki Baba Kumai suka nufi shagon Ogechi. Ita ce ta haɗa wa ƙungiyar kwamfutar tun farko. 'Yar gidan ma'aikacin reluwe ce, a nan Kafanchan aka haife ta, tana da shagon buga takardu da buga waya kusa da kasuwa, da tata kwamfutar.

"Madam, ki yi mini bayani kamar ga ɗan aji ɗaya," in ji Insfekta. "Wasiƙun Mista Gregory sun tafi da ɓarawo ke nan?"

"A'a, Oga. Saƙo ba a cikin kwamfuta yake sauka ba. Akwai wani babban kwamfuta a Kaduna, saba ake ce masa. Can ne akwatinsu yake. Kwamfutan nan waya kawai yake bugawa, ya faɗi sunansa, ya faɗi faswod, wato kalmar sirri, a ba shi abin da ya taru. Ka gane ko?"

"Ban gane ba, amma ci gaba."

"In na saita akwatinsu a nawa kwamfuta, saƙonsu zai sauka a nan."

"To me kike jira?"

"Wuta."

Suka zauna jiran wuta. Da ta ƙi zuwa, Ogechi ta ja janareta, ya yi tari ya mutu, ta sake ja. Da ya kama, ta zauna ta fara cike gurabe a fuskar kwamfutar, tana faɗi da baki. Lambar da za a buga a Kaduna. Sunan saba mai kawo saƙo. Sunan saba mai kai saƙo. Sunan akwatin ƙungiya.

"Me ya sa mai kawowa daban, mai kaiwa daban?" in ji Insfekta. "Ɗan aike ɗaya ba zai iya ba?"

"Oga, ba ni na yi shi ba." Ta juya wajen tsohon. "Baba, faswod fa? Ka raɗa mini a kunne."

"Haleluya!" in ji Baba Kumai da ƙarfi, har mai sayar da lemo a bakin ƙofa ta amsa da "Amin."

Insfekta ya dafe kai. "Baba, ba an ce kalmar sirri ce ba?"

"Sirri ne mana. Sirrin ƙungiya. A babban taro muka zaɓe ta, aka ɗaga hannu, aka yi mata addu'a. Wasu Immanuwel suka so, amma ba su kai mu yawa ba."

"Mutum nawa ne a taron?"

"Duka membobi. Da matansu."

Ogechi ta danna, modem ya fara kuka kamar ana yanka zakara a cikin gwangwani, sai ya yanke. Layi a cike. Ta sake, ya yanke. Ta sake, aka ce faswod ba daidai ba, ashe da ƙananan baƙaƙe Meshak ya rubuta ta. Insfekta ya tashi ya fita ya sha ruwa ya dawo ya tarar ana nan ana kukan zakara. Sai wajen azahar layi ya shiga.

Akwatin wayam.

"Ba zai yiwu ba," in ji Ogechi. "Mutumin nan kullum yana rubutu."

Ta ɗauki tarho ta kira kamfanin da ke riƙe da saba ɗin a Kaduna. Shi ma sai da aka sha fama. Ta yi ta turanci da wani, sannan ta ajiye kan tarhon a hankali.

"Oga, sun ce yau da safe an shiga akwatin, an kwashe saƙo. Jiya ma haka. Yadda na saita musu, in an kwashe, ba ya saura a Kaduna."

"Yau da safe Meshak yana bayan kanta yana shan kunu."

"To ba shi ba ne. Bari in ce su canja faswod yanzu yanzu, a toshe ɓarawon."

Ta miƙa hannu ga tarho. Insfekta ya dafe shi.

"Kada ki taɓa. In kika toshe shi, ta ina zan same shi? Bar masa ƙofarsa a buɗe." Ya ja kujera ya matso. "Faɗa mini, ban da Meshak, wa kika koya wa abin nan?"

"Kwamiti na koya wa. Baba ya ce shi ba zai taɓa ba, kada lantarki ya ja shi."

"Har yanzu ban taɓa ba," in ji Baba Kumai.

"Elda Silvanus kuwa ya dame ni da tambaya. Har ya ce in aka kai shi wani gida mai tarho, zai yi aiki? Na ce zai yi mana, in dai layi yana zuwa Kaduna."

Insfekta ya kai wa DPO wannan labari yana murna, DPO ya tare shi da cewa yaro zai iya samun abokin sata a waje. "Kuma Elda ne ya kawo ƙara. Kana so in kama dattijon coci a kan ya yi tambaya? Kawo mini kwamfuta a hannun mutum, ko Litinin ta yi."

Insfekta ya fito yana magana shi kaɗai.

Elda Silvanus yana da nasa siton a bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ya gada wajen mahaifinsa. Insfekta ya same shi yana auna buhu.

"Elda, an ce kai ma ka iya kwamfuta."

"Ni? Yallaɓai, ko Littafi Mai Tsarki sai da tabarau nake gani. Abin yara ne wannan."

"Kana da tarho?"

"Akwai wani tsoho na Babana. Ya mutu tun bara, ba a gyara ba."

Tarhon yana kan kanta. Insfekta ya ɗaga ya kara a kunne, shiru, kamar yadda aka ce. Amma da ya bi igiyarsa da ido, sai ya ga tana lilo a ƙasa, ba a soke ta a bango ba. Daga ramin bangon kuma wata siririyar igiya ce ta fita, ta bi ta ƙarƙashin wata ƙofa mai kwaɗo.

"Can ciki fa?"

"Kayan coci ne. Makulli yana wajen Fasto, ya tafi taro Jos."

Insfekta ya san in ya tafi neman takardar bincike, kafin ya dawo ɗakin ya zama fanko. Saboda haka ya yi murmushi ya ce, "Allah ya dawo da Fasto lafiya." Ya fita.

Kai tsaye ya wuce shagon Ogechi.

"Madam, in kika aika saƙo, sunan da ke fitowa a sama, wa ke sa shi?"

"Ni. A saitin ake rubutawa. Ko me na ga dama."

"Ko Mista Gregory?"

Ogechi ta dube shi, ta fara dariya. "Adireshin shagona zai nuna a ƙasa fa, Oga."

"Mutumin da sai da tabarau yake gani? Rubuta."

Ya faɗa da Hausa, tana juyawa turanci. Wai Mista Gregory zai biyo ta Kafanchan ran Asabar, zai tsaya a ɗakin jiran fasinja na tashar jirgi da rana. Ya ji labarin mutane da yawa sun san faswod ɗin akwatin, shi kuwa ba ya ciniki a bainar jama'a. Don haka wanda ke karanta wannan saƙo ya zo da kwamfutar gaba ɗaya, injiniyansa zai kulle ta yadda mutum ɗaya kaɗai zai riƙa samun saƙo, kuma da wannan mutumin za a yi ciniki.

"Ai ba a buƙatar kwamfuta don canja faswod," in ji Ogechi.

"Ke kin sani. Ni jiya na sani? Aika."

Aikawar ma sai da ta ci musu sauran yinin. Wuta ta tafi, mai ya ƙare a janareta, Insfekta ya ba da na babur ɗinsa. Da saƙon ya tafi, sai ya tura babur har gida da ƙafa. Kashegari Ogechi ta kira Kaduna, aka ce an kwashe.

Ran Asabar Insfekta ya sa kayan gida, ya zauna a ɗakin jiran fasinja a bayan ƙofa, da jarida a hannu. Baba Kumai da Ogechi suna ofishin mai tasha suna leƙe ta taga. 'Yan sanda biyu suna wajen masu sayar da doya.

Rana ta take, babu kowa. Jirgi ma bai zo ba. Insfekta ya karanta jaridar har tallan bayanta, gumi ya jiƙa masa riga, ya fara tunanin abin da zai ce wa Meshak ran Litinin.

Sai ga ƙarar baro.

Elda Silvanus ne, cikin kwat da taye a wannan zafi, yana tura baro da kansa, an rufe kayan da buhunan citta. Ya shigo ɗakin, ya ajiye, ya share goshi, ya duba hagu da dama.

"Mista Gregory?"

Insfekta ya sauke jarida. "Bai samu zuwa ba, Elda. Ni ya aiko."

Elda ya tsaya kamar an dasa shi. "Yallaɓai, citta ce na kawo awo."

"A ɗakin fasinja? Buɗe mu gani."

Bai motsa ba. Insfekta ya janye buhun da kansa. Ga kwamfuta, ga talabijin ɗinta, ga modem, ga siririyar igiya an naɗe ta tsaf. Baba Kumai ya shigo yana dogara sanda, ya dubi baron, ya dubi mataimakinsa.

"Silvanus. Makullin da ya faɗa rijiya?"

Elda ya zauna a bakin benci. Ya laluba aljihun kwat ya fito da makullin ya ajiye a kan buhu.

"Ran Lahadi na ɗauka, ana cikin sujada ta biyu. Na ce cikina ke ciwo." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Baba, ka san gidanmu. Babana dillalin citta ne, a sitonsa kowa ke saukewa, ni ma haka na taso. Yaron nan ya kawo akwati, shi ke nan, ba mai sallama a ƙofata. Na ce in na riƙe akwatin, mutumin Legas zai zo ta hannuna, ku kuma ku dawo wajena kamar da. Ba zan cuce ku ba. Zan saya da daraja."

"Meshak fa?" in ji Insfekta.

"Na ɗauka za a tsare shi kwana biyu a sake shi."

"Kai ka riƙo wuyan rigarsa har caji ofis. Kana ji aka ce kotu."

Baba Kumai ya dubi Elda ya ce, a hankali, "Kai ne fa za ka tsaya masa a matsayin uba ranar auren."

'Yan sandan suka shigo. Ɗaya ya kama hannun Elda, ɗaya ya kama baro, suka bi ta gaban masu doya, mutane suna miƙewa suna kallon kwat da taye.

Da yamma aka saki Meshak. Bai nufi gida ba, sai da ya tsaya aka kai kwamfutar shagon Ogechi aka haɗa. Saƙonnin Mista Gregory na gaskiya suna ciki, yana tambaya ko lafiya ya ji ana amsa masa da wata irin magana, kuma har yanzu yana jiran cittar. Meshak ya karanta, ya share ido da bayan hannu.

"Gobe kana coci?" in ji Insfekta.

"Tun kafin a buɗe ƙofa, Oga."

Ogechi ta samu Kaduna a waya, ta miƙa wa Meshak kan tarhon. "Gaya musu sabon faswod. A hankali. Kai kaɗai."

Meshak ya kare baki da tafin hannu. Baba Kumai ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya, yaro. Wa ya ba ka izni? Wannan sai an kira babban taro."

Insfekta ya dubi tsohon, ya dubi rufin ɗaki, ya ɗauki hularsa.

"Baba, in kun zaɓa, ku aiko mini da kalmar. In an sake sacewa, in huta da tambaya."